Amsa ga yarona a kan sayen shanshera tun tana gona

Ranar da muke dawowa daga kasuwar Jega ka tambaye ni abin da ya hana mu yi yadda wasu 'yan kasuwa ke yi, wato mu raba wa manoma kuɗi a tsakiyar damina lokacin da hannunsu ya bushe, mu ƙulla ciniki a kan rabin farashi, idan kaka ta yi mu kwashe shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, mu cika sito. Ban amsa maka a cikin mota ba saboda akwai kunnuwa da yawa, kuma maganar tana buƙatar natsuwa.

Ka fara sanin cewa biyan kuɗi kafin a karɓi kaya ba haramun ba ne. Malamai suna kiransa salam, kuma Manzon Allah (SAW) ya tarar da mutanen Madina suna yin sa a kan dabino, ya bar su a kai, da sharaɗin a san mudun, a san nauyin, a san lokacin biya. Abin da nake ƙi shi ne farashin da ake yankawa a ranar da mutum ba shi da bakin cewa a'a, ranar da matarsa ke kwance asibiti ko gonarsa ke neman taki. Wanda ya karɓi kuɗinka a wannan hali zai yi maka godiya da baki, amma zuciyarsa tana lissafi, kuma a cikin buhu za ka ga sakamakon lissafin.

Nan ne sana'armu ta shigo, don haka ka saurara da kyau. Buhun shanshera mai kilo 100, idan ta bushe yadda ya kamata kuma ba ta da datti, abin da zai ba ka bayan gumi, wato jiƙa ta da turara ta, da kuma casa, bai cika wuce kilo 60 zuwa 65 ba, sauran ɓuntu ne da dusa. Manomin da ya san an cuce shi ba zai tsaya ya shanya maka ita kwana uku ba. Zai ɗure ta da danshinta domin ta yi nauyi, ba zai sheƙe ta sosai ba, wani ma ya bar ƙasa da tsakuwa a gindin buhu. Inji yana son danshin ƙwaya ya sauko kusan kashi 14 cikin 100, idan ya haura haka sai ta yi zafi a sito, ta yi fumfuna, launinta ya dushe, a wajen casa kuma ta kakkarye. Matan da ke yi mana gumi su ne farkon masu ganewa, domin tun a ruwan jiƙo suke ganin ƙaiƙayi yana tasowa. Arahar da ka samu a watan Agusta, inji ne zai cinye ta a watan Disamba, ga kuma mai shago a Birnin Kebbi da zai dawo maka da kaya yana cewa masu saye sun koka.

Sannan manomin yau yana da inda zai kai kayansa. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, aka kuma buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, ga na Labana a Birnin Kebbi, masu neman shanshera sun yawaita har cikin ƙauyukan Augie da Suru. Mu masu ƙaramin inji ba za mu iya gogayya da su a jari ba. Abin da ke riƙe mana manomi shi ne ya san sikelinmu ba ya tauyewa, kuma kuɗinsa ba ya kwana a hannunmu.

Ka tuna ambaliyar 2020, lokacin da ruwa ya shafe fadamu ana dab da girbi, alhali iyakoki suna rufe tun Agustan 2019 kuma shinkafa tana tsada. Ina bin manoma da dama bashi a shekarar. Na san waɗanda suka matsa wa nasu har aka sayar da shanun huɗa, wasu samari suka bar gida suka tafi ci-rani ba su sake komawa gona ba, kuma har yau idan na tuna abin yana yi mini ciwo, domin gidaje ne suka watse a kan buhu biyar ko shida. Ni na jira har aka girbe noman rani. Na sha wuya ƙwarai, inji ya yi makonni a tsaye, amma mutanen nan sun biya, kuma su ne suka riƙe ni bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, sa'ad da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, masu injin ban ruwa da yawa suka rage gonakinsu, shanshera ta yi wuyar samu.

Yadda nake yi ke nan. Idan manomi ya zo da buƙata, ina ba shi rance a rubuta shi da sunan kuɗi, a gaban shaidu biyu, ba tare da sharaɗin sai ni zai sayar wa ba. Ranar biya, in ya so ya kawo kuɗi, in ya so ya kawo shanshera a auna a kan farashin kasuwar ranar.

Jibi za mu Suru, kuma kai ne za ka riƙe sikeli da littafi. Ka ɗebo ƙwaya daga tsakiyar buhu ka gatsa da haƙori, in ta ƙarasa bushewa za ka ji ta fashe da ƙara. Ka juya fuskar sikelin wajen mai kaya ya karanta da idonsa kafin ka rubuta.