Iska da walda daga injin mota ɗaya

Yaro, ka ce wani mai tsohuwar Hilux da yake shiga ƙauyuka da ita gyaran garma da famfon burtsatse ya zo gareji yana so a ɗora masa abin ba taya iska da injin walda, duka su riƙa aiki da injin motar, kana tambaya ko zai yiwu da kayan 'yan gwangwan. Zai yiwu. Amma tun kafin ka ɗauki sifana ka riƙe wannan: altanetar da ke cajin batir ɗin motar ba ta cikin lissafinka. Kada ka taɓa ta. A Hilux mai dizal ma, irin su inji 2L da 3L, famfon da ke taimaka wa birki a bayan altanetar yake manne, idan ka yi mata ganganci birkin mutum ka taɓa.

Na iska shi ne mai sauƙi, da shi za ka fara. Kwamfuresan AC na mota famfo ne kawai, gas yake turawa, idan ka buɗe masa baki iska zai tura. Sai dai ba duka suke ɗaya ba, a nan mutane ke tafka asara. Akwai tsohon yayi mai suna York, musamman York 210, mai siffar akwati a tsaye da fistin biyu, wanda ake samu a tsofaffin Volvo da Mercedes da motocin Amurka. Shi yana da ma'ajiyar mai tasa a ƙasa kamar ƙaramin inji, ka zuba masa man inji SAE 30, ka riƙa duba shi. Idan ka ci karo da shi a kasuwar Kofar Ruwa ko ta Panteka, saya. Su kuma masu siffar gwangwani, irin su Sanden da Denso da ke cikin yawancin motocin Japan, man nasu tare da gas yake zagayawa. In ka cire gas, to ka raba su da abin da ke kai musu mai. A haka zai yi maka aiki kwana kaɗan cikin daɗi, sannan wata rana ya kama ya ƙi juyawa. Idan shi ka samu, dole ka sa masa ɗan kwalbar ɗiga mai a hanyar shigar iska, ka kuma sa matacin da zai tare man a hanyar fita, in ba haka ba mai za ka riƙa ɗura wa mutane a taya.

Bakin shan iska a sa masa filta, ko ta babur ce ta isa, a ɗaga ta sama nesa da ƙura. Bakin fita kuwa yana zafi ƙwarai, tiyon roba na banza narkewa yake yi a wurin. Ka fara da bututun jan ƙarfe ko tiyo mai saƙar waya kamar kamu biyu, daga nan bawul mai hana iska komawa baya, sai tanki.

Tankin ka nemi na birkin tirela, don aikin da aka ƙera shi ke nan, yana ɗaukar matsin iska na PSI 120 kullum ba ya gajiya. Ka ƙwanƙwasa gindinsa ka ji, in tsatsa ta ci shi ka bar musu kayansu. Kada ka yi tanki da bututun roba na ruwa, idan ya fashe tarwatsewa yake yi. Kada kuma ka kai wuta kusa da tukunyar gas don mai ita ya rantse maka babu komai a ciki. Abu uku ba a barinsu a kan tanki: makunnin awo mai kunna kulocin kwamfuresa idan iska ta sauka zuwa 90 ya kashe shi a 120, bawul ɗin tsaro mai buɗe kansa a 150, da ɗan famfo a ƙasa na zubar da ruwan da ke taruwa. Na ga masu cire bawul ɗin tsaro wai yana tsiyayar iska. Ranar da makunnin ya maƙale, kwamfuresan AC ba ya sanin ya isa, zai iya haura 300 yana ci gaba da turawa. Wayar kuloci ta bi ta fis da rile, da makunni a gaban direba.

Yanzu walda. Altaneta ta biyu za ka nemo, babba, mai amfiya 100 ko fiye, ka ɗora ta daban, kuma ba za ta haɗu da batir ko wayoyin motar ba sai ta waya ɗaya da zan faɗa maka. Dalilin da ya sa altaneta take tsayawa a bolt 14 shi ne katawut ɗinta, shi ke rage wutar da ke shiga kwayil mai juyawa ta kan burushi. Cire katawut, ka ba kwayil ɗin bolt 12 kai tsaye daga batir, ka taka totur, za ka ga mita ta haura bolt 60, ta haura 80. Abin da walda ke so ke nan don sandar walda ta kama wuta, da zarar ta kama kuma wutar na sauka zuwa ashirin da wani abu. Kwayil ɗin bai wuce amfiya 3 zuwa 5 yake ci ba, saboda haka siririyar waya da fis da makunni sun ishe shi. In ka sa masa abin murɗawa mai jure zafi a kan wayar, ka samu wurin ƙara wuta da rage ta. In babu, totur ne abin murɗawarka.

Wurin da za ta ba ka kunya shi ne dayod, wato 'yan ƙananan abubuwan da ke cikinta masu barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. Yawancin altanetocin zamani dayod ɗinsu an yi su ne su datse wuta idan ta kai wajen bolt 30, don kare kayan lantarkin mota. Da su ba za ka yi walda ba, ƙonewa za su yi tun sandar farko. Kai wa riwaya, mai gyaran wutar mota, ya cire su, ya fito maka da wayoyi uku na kwayil ɗin jiki zuwa waje, ka haɗa su da raktifaya ta daban, wato haɗin dayod a dunƙule, mai ɗaukar amfiya 200 da bolt 200 ko fiye, ɗaure a faffaɗan alminiyam inda iska ke bugawa. Yin haka yana da wata riba. Altaneta yadda ta zo, nagatif ɗinta a jikinta yake, jikinta kuma a jikin mota, wato duk motar ta zama waya ɗaya ta waldarka. Raktifaya ta waje da ba ta taɓa bodi ta raba ka da wannan, wayoyinka biyu sun zama naka, ka juya su yadda kake so. Duk da haka, in motar mai ƙwaƙwalwa ce, wato mai kwamfutar da ke sarrafa inji, ni ba na yarda a yi walda a jikinta da injinta a kunne.

Ana so altanetar ta yi juyi wajen 6,000 a minti. Fulin inji, wato faifan da bel ke hawa, ya ninka nata kusan sau uku, ke nan injin zai tsaya tsakanin 2,000 da 2,500. Mai walda ba zai taka totur yana riƙe da sanda ba, sai ka yi masa totur na hannu da wayar birkin keke da abin ɗaurewa.

To ga inda aikin yake na gaskiya, kuma shi yara suka fi rainawa: biraket da bel. Yi lissafi. Amfiya 100 sau bolt 25 wat 2,500 ne, altaneta kuma kusan rabin ƙarfin da ta karɓa zafi yake zama, ke nan ƙarfin doki shida zuwa bakwai take ja ta kan bel. Siririn fambel guda ɗaya ba zai riƙe ba. Kana ɗora sanda za ka ji ya yi ƙara kamar an taka wutsiyar kare, wuta ta faɗi, sanda ta manne, ka zaci altaneta ce ba ta da kyau. Nemi fuli mai rami biyu ko faffaɗan bel mai layi-layi, kuma bel ɗin ya rungumi fulin sosai. Biraket a yanka shi daga farantin ƙarfe mai kauri milimita 8, a ɗaure shi a jikin inji da noti uku aƙalla. A jikin inji na ce, ba a shasi ba, don inji yana rawa a kan kujerunsa, shasi ba ya bin sa. Ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fuli biyun ka leƙa, in haske na wucewa ta gefe ɗaya, ba su daidaita ba, bel zai riƙa cin gefe yana zubar da baƙin gari. Gyara da washa, zoben ƙarfen da ake sa wa noti, kafin ka ƙarasa waldar biraket.

Ka gaya wa mai motar gaskiyar abin da zai samu. Sanda geji 12, wato milimita 2.5, za ta ci lafiya lau a amfiya 70 zuwa 90. Geji 10 za ta ci, amma da hutu: sanda biyu ko uku, a kashe makunnin kwayil, a bar inji yana juyawa fankar altanetar ta huce ta. Ya isa ɗinke garma da ta karye a gona ko hannun famfo. In ƙofofi da tagogi yake son ƙerawa daga safe zuwa yamma, ya sayi janareta, wannan ba aikinta ba ne. Ka kuma ja masa kunne ya riƙa kashe makunnin kafin ya canja sanda, don bolt 80 a hannu mai gumi ba wasa ba ne, kuma kada ya yi walda da gilashin rana.

Kafin ku yi ciniki, buɗe bonet ka auna wuri. In AC ɗin motar ya riga ya mutu, kwamfuresa ya samu mazauni da bel ɗinsa, altaneta ta biyu kaɗai za ka nema wa gurbi. In yana son sanyinsa, abu biyu za ka cusa, kuma a Hilux da wuya su shiga ba tare da an matsar da batir ko tukunyar filta ba. Wannan sai ka sa shi cikin kuɗin aiki. Idan ka samo altanetar, kawo min ita in gani kafin riwaya ya buɗe ta.