Bindigar da ke cikin fim ɗin nan, baushe ce ko ta Bature?

Wani ɗan'uwa daga Garwa ta ƙasar Kamaru ya turo min tambaya ta WhatsApp, wai ya kalli wani fim ɗin barkwanci da aka shirya kan zamanin Rabe, mayaƙin nan da ya ci Borno, ya ga bindigogi iri biyu, ɗaya doguwa ana ɗura mata gari ta baki ana dannawa da sanda, ɗayar kuma tana da ɗan hannu a gefe ana ja baya ana turawa. Yace Malam dan Allah meye sunansu da Hausa, kuma da gaske a lokacin akwai su?

Toh ɗan'uwa, ita kalmar bindiga dai aro ce daga Larabci, bunduƙ, asalinsa sunan wani ɗan itace ne ƙarami mai ɓawo, daga baya aka riƙa kiran 'yan dunƙulen da ake harbawa da sunan, har ya koma kan abin harbin. In ka tsallaka gada daga Kusuri ka shiga Injamena zaka ji Larabawan Chadi na cewa bundug, abu ɗaya ne. Albarushi ma daga albarud ne, harsashi kuma daga rasas wato dalma, don da ita ake zuba shi.

Doguwar da ka gani ita ce Bahaushe ya yiwa suna har uku. Baushe dai asalinsa sunan wani itace ne mai ƙarfi. Bindigar toka kuma saboda baƙin garin da ake zuba mata da hayaƙin da ke turnuƙe wuri in ta tashi. Amma sunan da ya fi burge ni shine harba-ruga, domin ya gama bayanin yadda take aiki kaf: ka zuba albarushi ta baki, ka cusa tsumma, ka sa dalma ko guntayen ƙarfe, ka danna da sanda, ka ɗana, sannan ka ja kunama, kuma da zarar ta tashi sau ɗaya shikenan ta zama sanda a hannunka sai ka sake duk wancan aikin daga farko, wanda kake faɗa da shi kuwa ba jiranka zai yi ba. Kaga dole a ruga. Don haka in a fim ɗin ka ga jarumi ya saki wuta sau biyar a jere da ita, toh wannan yana cikin barkwancin ne, ko da darakta bai yi niyya ba. Ka kuma duba wajen kunamar da kyau, tsofaffin suna da ɗan dutse a maƙale da ke bugun ƙarfe ya ba da tartsatsi kamar ƙyastu, ƙanƙara ake ce masa, na baya-bayan kuma ɗan murfin tagulla ake ɗorawa a buge shi. Har yau irinsu 'yan bindigar Lamido ke tayarwa ranar hawan sallah a Garwa da Marwa da Ngaundere, albarushi zalla ba dalma.

Ta biyun, mai ɗan hannu a gefe, ta Bature ce, ta baya ake sa mata harsashi. Sojan Faransa suna da Gras ta 1874 da Lebel ta 1886, Jamusawa suna da Mauser, duk haka ake jan su. In an ba wanda ya fito a sojan Nasara ita, an yi daidai. Rabe ma ba baushe kaɗai ya dogara da ita ba, daga Sudan ya taso, mutanensa suna da Remington irin ta sojan Masar, ita harsashi ɗaya take ci ta baya, ba ta da wancan hannun, da babban yatsa ake ja ƙarfen baya a buɗe ta. Da irin wannan ƙarfin ya ci Borno a 1893 ya zauna Dikwa, har ranar 22 ga Afrilu 1900 da aka kashe shi a Kusuri, ranar da shi ma kwamandan Faransa Lamy ya mutu, aka sa wa garin tsallaken kogi sunansa har 1973 da ya koma Injamena. Abin da ba zan yafe wa mai fim ba shine ya rataya wa dakarun Rabe mai lanƙwasasshen gidan harsashi a ƙasa, wannan AK-47 ce, sunanta ma ya faɗi shekararta, 1947. Mai ruwa kuwa, wato mai jigidar da ake zuba wa ruwa don kar bakinta ya yi zafi, irinta Jamusawa suka zo da ita Marwa a 1902 lokacin da suka karya rundunar Lamidon Adamawa Zubairu. Igwa ita ce babbar da ake ja a kan ƙafa.

Wata baiwar Allah daga Marwa kuma tace a wani fim ta ji maharbi ya harbi barewa ya samu jela, sai yace harbi a wutsiya ya fi kuskure, tana tambaya ko shirmen fim ne. A'a Hajiya, karin magana ce tsohuwa. Ma'anarta samun kaɗan ya fi rashi gaba ɗaya, kamar wanda ya je biyar bashin jaka goma aka ba shi biyu. Kuskure a nan ba laifi ake nufi ba, kuskuren saiti ne, wato harbi ya wuce bai taɓa komai ba. Karin maganar ta dace da mai kwari da baka, amma ta zauna daram a bakin mai baushe, don cikin bututunta sumul yake ba zanen da zai murza harsashi ya tafi a miƙe, in abin ya yi nisa sai inda Allah ya kai shi. Sai dai ki lura, an fi faɗinta don lallashin wanda ya samu kaɗan, in mutum ya faɗa wa kansa bayan ya gama cika baki to dariya za a yi masa, kuma ina jin abin da mai fim ɗin ya nufa kenan.