Wa ya rubuta Florentin, Schlegel ko matarsa?

Tambaya: Malam, na ji an ce matar Friedrich Schlegel, masanin falsafar nan na Jamus, ita ma marubuciya ce, har wasu littattafan da ke ɗauke da sunansa nata ne. Mene ne gaskiyar maganar?

Amsa: Haka maganar take. Sunanta na asali Brendel, daga baya ta koma Dorothea. An haife ta a Berlin a 1764, 'yar Moses Mendelssohn ce, Bayahuden nan masanin falsafa. A 1783 aka aurar da ita ga Simon Veit, wani mai banki, zaɓin mahaifinta. A 1797 ta haɗu da Schlegel a gidan Henriette Herz, inda masana ke taruwa hira, ita ce ma ta girme shi da shekara bakwai da ɗoriya. Aurenta ya mutu a 1799, ta bi Schlegel zuwa garin Jena, ba tare da an ɗaura musu aure ba.

A can ta rubuta Florentin, littafin ƙagaggen labari, wanda ya fito a 1801. Buɗe shafin farko, sunan Schlegel za ka gani a matsayin wanda ya fitar da littafin, nata kuwa ko alamarsa babu. Haka aka yi da fassarar Corinne, littafin marubuciya Madame de Staël, da Dorothea ta yi daga Faransanci a 1807. Schlegel mutum ne da bashi ba ya rabuwa da shi, kuɗin fassarorinta ya sha rufa wa gidan asiri.

Ni dai ba zan kira wannan sata kai tsaye ba, don da yardarta aka yi. Ga ta mace, Bayahudiya, ta kashe aurenta, ga kuma tsegumin da littafinsa Lucinde ya jawo mata a 1799, inda jama'a suka ce ita ya siffanta. Sunanta a bango sai ya ƙara wa wutar fetur. Amma ita ce ta yi asara, kuma kashi na biyu na Florentin bai taɓa fitowa ba.

A 1804 ta shiga Kiristanci a Paris aka ɗaura musu aure, a 1808 su biyun suka koma ɗarikar Katolika a Cologne. Schlegel ya mutu a 1829, ita kuma ta rasu a Frankfurt a 1839, inda take zaune da ɗanta Philipp Veit, mai zane.