Akuyar da aka sa ma ƙwayar gadon mutum, nononta na haramta aure?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam, ni ɗalibar aikin jinya ce nan Gusau. An koya muna cewa akwai ƙwayar gado jikin ɗan Adam mai suna LYZ da ke sa jiki ya yi wani sinadari mai kashe ƙwayoyin cuta, kuma wai a Amurka sun sa ma awaki ita. To Malam yara biyu in sun sha nonon akuyar nan sun zama 'yan'uwan shan nono? Kuma shan shi ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yata Allah shi yi maki albarka, bari mu fara gane abin tukuna, don ba a yanke hukunci kan abin da ba a san kamannin shi ba.

Sinadarin nan sunan shi laisozaim, yana cikin hawaye da miyau da majina da nonon uwa, har farin ƙwan kaza cike yake da nashi irin. Aikin shi fasa bangon da ke kewaye da wasu bakteriya, in bangon ya fashe shi kenan ta mutu. Alexander Fleming, wanda daga baya ya gano fenisilin a 1928, shi ya fitar da bayanin shi a 1922, kuma da majinar hancin shi ya fara gwaji lokacin yana mura.  Nonon mace ya fi na saniya da akuya yawan sinadarin nan nesa ba kusa ba, shi ya sa masana a jami'ar Kalifoniya da ke Debis suka kwafi tsarin ƙwayar gadon suka sa ma awaki don nononsu ya ƙunshi shi, da fatan a rage gudawar da ke ɗauke yara.

To batun shan nono. Allah ya ce cikin Suratun Nisa'i aya ta 23 an haramta maku uwayenku waɗanda suka shayar da ku, kin ga uwa aka ambata, kuma 'yan'uwantakar daga uwar take gangarowa, sai ta tabbata uwa sannan 'ya'yanta su zama 'yan'uwa. Mu a mazhabar Malikiyya muna da tsanani wurin nan, ko maƙwarwa ɗaya ta isa cikin yaro a shekara biyun shayarwa ta haramta, ko da cokali aka ɗura mai, amma duk da tsananin nan Shehu Khalil cikin Mukhtasar ya sharɗanta nonon ya zama na mace, ya fitar da na dabba ƙarara, sauran mazhabobi uku ma haka suke. In ba haka ba ai duk yaran Tsafe da Kauran Namoda da suka sha nonon saniya ɗaya a ruga sun zama muharramai, aure ya ƙare kenan.

Za ki ce ai wagga akuya da abin mutum a jikinta. A'a, abin da aka sa mata kwafin tsari ne, ba tsokar mutum ba kuma ba nonon wata mata ba, hantsarta ce ke haɗa sinadarin daga ciyawar da ta ci. Kamar ki kwafi lissafin girki daga maƙwabciya ne, tuwon da kika tuƙa naki ne. Akuya tana nan akuyarta, don haka babu haramcin aure.

Shan shi kuma asali halal ne, nonon dabba ce da ake cin namanta, sinadarin ma mai tsarki ne tunda miyau da hawayen mai rai ba najasa ba ne a wurinmu. Masu kawo ayar canza halittar Allah, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, a Makka ta duba batun a 1998 ta halatta irin aikin ga tsirrai da dabbobi matuƙar ba cutarwa ga mutum ko dabbar ko muhalli. Sharaɗi dai sai likitoci amintattu da hukuma irin NAFDAC sun tabbatar ba illa, kuma kar wata ta fake da shi ta yaye jariri, sinadari ɗaya ne cikin masu yawa da ke nonon uwa.

Wallahu a'alam.