Busasshen Abinci ko na Gwangwani: Wanne Ya Fi Dacewa da Kyanwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da kyanwoyi biyu, mace mai shekara 9 da wani matashin muzuru da aka yi wa fiɗiya. Na daɗe ina ba su busasshen abinci na buhu, sai wasu suka ce mini na gwangwani ya fi, wasu kuma suka ce busasshen ne ke tsabtace haƙora. Kowane buhu yabon kansa yake yi. Ta yaya zan gane mai inganci, kuma wanne zan zaɓa? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kafin a yi maganar buhu ko gwangwani, ya kamata a san cewa kyanwa dabba ce da aka halitta don cin nama, kuma akwai sinadaran da jikinta ba ya iya haɗa isassunsu da kansa, sai dai ta same su a naman dabba. Mafi shahara a cikinsu shi ne tawurin, wanda rashinsa ke lalata ganin ido, ya kuma sa tsokar zuciya ta saki har ta kasa harba jini yadda ya kamata. A shekarar 1987 ne masu bincike a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka suka tabbatar da alaƙar wannan ciwon zuciya da ƙarancin tawurin a abincin kyanwa, kuma bayan kamfanoni sun ƙara shi a abincin da suke yi, cutar ta ragu ƙwarai. Haka nan kyanwa ba ta iya mayar da sinadaran ganyayyaki su zama bitamin A kamar yadda mutum ko kare ke yi. Wannan ne dalilin da ya sa abincin kare, komai kyansa, ba ya maye gurbin nata.

Saboda haka abu na farko da za ki nema ba hoton kaza ko kifi da ke gaban buhu ba ne, ɗan ƙaramin rubutun da ke bayansa ne, inda kamfani ke bayyana cewa abincin cikakke ne, wato zai iya riƙe kyanwa shi kaɗai. A Amurka ƙungiyar jami'an sa ido kan abincin dabbobi, wato AAFCO, ce ke tsara ma'aunin cikakken abinci, a Turai kuma ƙungiyar kamfanonin abincin dabbobin gida, wato FEDIAF. Ma'aunin AAFCO ya tanadi cewa furotin kada ya gaza kashi 26 cikin ɗari na abincin idan an cire ruwa ga babbar kyanwa, da kashi 30 ga ƴaƴa masu tasowa da mai ciki ko mai shayarwa. Ki lura cewa ƙungiyar ba ta gwada kowane buhu da kanta. Kamfani ne ke shelanta cewa ya cika ƙa'idar, don haka yana da kyau ki duba ko ya sa cikakken sunansa da adireshinsa da hanyar tuntuɓarsa. Wasu gwangwanaye masu ban sha'awa, musamman waɗanda tsokar kifi ce zalla a cikin romo, an rubuta a jikinsu cewa abincin ƙari ne kawai. Kyanwa na son su sosai, amma idan aka dogara da su wata da watanni, za ta rasa sinadaran ƙashi da bitamin da take buƙata.

Bayan haka sai jerin kayan haɗi. Ana jera su ne bisa nauyi, daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, kuma abin so shi ne ki ga nama da aka ambaci sunan dabbarsa a sahun gaba. Sai dai a nan akwai wata dabara da ke ruɗar masu saye: ana auna ɗanyen nama tare da ruwansa, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari nasa ruwa ne, saboda haka yana iya zama na farko a jeri amma bayan busarwa ya koma kaɗan. Garin nama kuwa an riga an busar da shi, furotin ɗinsa a tattare yake. Ban ga dalilin ƙyamar kayan ciki irin su hanta da zuciya ba, domin suna cikin abin da ya fi amfanar kyanwa. Shi ma rubutun nan na cewa babu hatsi a ciki ba shaidar inganci ba ne, tun da sau da yawa ana musanya hatsin ne da dankali ko wake, sitacin yana nan bai ragu ba.

Akwai wani lissafi da nake roƙon ki koya, domin shi ne ke hana a yaudare ki. Busasshen abinci yana da ruwa kimanin kashi 10 cikin ɗari, na gwangwani kuwa tsakanin 75 zuwa 80. Idan gwangwani ya nuna furotin kashi 10 da ruwa kashi 78, abin da ya rage bayan cire ruwa shi ne 22. Ki raba 10 da 22, za ki sami kusan kashi 45. Buhun da ya nuna furotin 32 da ruwa 10 kuwa, idan kika raba 32 da 90, bai wuce kashi 36 ba. Kin ga wanda ya yi kama da mara ƙarfi a rubuce shi ne ya fi furotin.

Wannan ruwan ne ya sa, game da kyanwoyinki biyu, na fi karkata ga abincin gwangwani, ko aƙalla a haɗa shi da busasshen. Kyanwar gida ta samo asali ne daga kyanwar daji ta yankuna masu ƙarancin ruwa, wadda ke samun yawancin ruwanta daga abin da ta farauta, shi ya sa ƙishirwa ba ta saurin kai ta ga kwano. Muzurai suna da siririyar hanyar fitsari wadda ke iya toshewa, kuma fitsari mai kauri yana ƙara haɗarin. Idan kika ga yana yawan tsugunawa babu abin da ke fita, wannan lamari ne na gaggawa, a kai shi wurin likitan dabbobi nan take. Ita kuma mai shekara 9 ta shiga lokacin da ciwon ƙoda ke yawaita, don haka ya dace a riƙa auna lafiyarta, likita ya faɗa miki ko tana buƙatar abinci na musamman. Busasshen abinci mai inganci ba laifi ba ne, yana da sauƙin ajiya, amma ɗan ƙaramin awo nasa yana ɗauke da kuzari mai yawa, kuma dabbar da aka yi wa fiɗiya tana saurin ƙiba idan aka bar mata kwano cike dare da rana. Ki riƙa aunawa. Batun haƙora kuwa an zuzuta shi fiye da kima, domin yawancin kyanwoyi haɗiye ƙwayoyin suke yi ba tare da tauna ta kirki ba.

Abinci mai kyau yana lalacewa idan ajiya ta munana. Ki duba ranar ƙarewar wa'adi, kada ki sayi gwangwanin da ya kumbura, ya yi tsatsa, ko ya lotse a gefen murfi. Wanda aka buɗe a rufe shi a firiji, a ƙarar da shi cikin kwana 2 zuwa 3, abin da ya saura a kwano bayan ƴan sa'o'i kuma a zubar. Buhu a bar shi a ɗaure a wuri mai sanyi marar laima, saboda zafi yana sa kitsensa ya yi ɗoyi, laima kuma tana haifar da fumfuna mai guba ga hanta.

Tambaya: Malam, na canza wa kyanwata abinci ta ƙi ci. Shin in bar ta da yunwa har ta haƙura? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, don Allah kada ka yi haka. Kyanwar da ta daina cin abinci na ƴan kwanaki, musamman mai ƙiba, kitse yana iya taruwa a hantarta, kuma wannan cuta ce mai kisa. Ka koma ga tsohon abincin, ka riƙa zuba sabon kaɗan-kaɗan kana ƙarawa tsawon kwana 7 zuwa 10. Idan na gwangwani ne daga firiji, ka ɗan ɗumama shi domin ƙanshinsa ya tashi. In ta kwana ta yini ba ta taɓa ko tsohon ba, to matsalar ta wuce ta zaɓen abinci, ka kai ta likita ya duba bakinta da sauran jikinta.