Na Yi Karatun Zane, Amma Hannuna Ya Yi Tsatsa

Tambaya: Malam, shekara 14 ke nan da na kammala karatun zane-zane, amma tun daga lokacin aikin ofis da renon yara suka cinye mini lokaci, har fentina ya bushe a cikin akwati. Kwanan baya na ɗauki fensir na gwada zana hannun 'yata, sai na ga abin da ya fito ko a shekarata ta farko a makaranta ba zan yarda malami ya gan shi ba. Shin karatun nan ya tashi a banza ke nan? Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yar'uwa, bai tashi a banza ba, kuma shaidar tana cikin wasiƙarki. Kina duban zanen kika gane cewa yatsun ba su zauna daidai ba, kuma idon da ya gano hakan shi ne babban abin da makaranta ta ba ki. Hannu ne yake yin tsatsa idan aka ajiye shi, shi kuwa da yawan aiki yake dawowa.

A ganina, abin da kika rasa tun da kika bar makaranta shi ne ranar da dole a miƙa aiki, da kuma abokan karatun da za su kafe zanenki a bango su faɗi aibinsa ba tare da kara ba. A lokacin kina jin haushinsu, na sani, amma su ne suke hana mutum kwanciya. Ki nemi ko da mutum ɗaya daga cikinsu, ku yanke ranar da kowa zai nuna wa ɗan'uwansa abin da ya yi a kowane wata.

Game da lokaci kuwa, masu zane da yawa ba su taɓa samun shi a wadace ba. Henri Rousseau ma'aikacin karɓar harajin kaya ne a birnin Paris, yana zane a gefe, kuma bai bar aikin ba sai a 1893, yana da shekara 49. Carmen Herrera, 'yar asalin Kyuba, ta shafe shekaru tana zane ba mai saye, sai a 2004 ta sayar da zanenta na farko tana da shekara 89. Wanda ya fi burge ni shi ne Henri Matisse, wanda bayan tiyatar da aka yi masa a 1941 tsayuwa gaban allon zane ta yi masa wuya, sai ya koma yanka takardu masu launi da almakashi yana tsara su, har ya rasu a 1954. Ya sauya kayan aiki ne don su dace da halin da yake ciki.

Ke ma ki yi haka. Fentin mai yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, ga warin ruwan wanke burushi, wanda bai dace da ɗakin da yara suke ba. Ki ajiye ƙaramin littafin zane da fensir a jakarki, ki zana hannun nan na 'yarki sau ashirin. Kafin ki zubar da akwatin kuma, ki duba: idan akwai fentin ruwa a ciki, ɗigon ruwa kaɗan zai farfaɗo da shi.