Su wa ake kira Evangelical, kuma ɗaya suke da ’yan Fentikos?

Ɗan'uwa ka ce abokin sana'arka a kasuwar Mile 12 yana zuwa cocin ECWA (Evangelical Church Winning All), maƙwabcinka a Agege kuma ɗan cocin Redeem ne, duka biyun suna cewa an sake haifarsu, to wai meye bambancin.

Ita kalmar Evangelical daga Helenanci take, ma'anarta bishara, kuma ba sunan coci ɗaya ba ne. Tushen yana wurin Furotesta, amma ya bunƙasa ne a farkawar shekarun 1730 a Ingila da Amurka, zamanin su John Wesley da George Whitefield. Abin da suka riƙe shi ne Littafi Mai Tsarki ke da maganar ƙarshe, ceto ta mutuwar Yesu a kan gicciye, kowa sai ya tuba da kansa ba gadon iyaye ba, sannan a fita wa'azi.

Abin da mutane ba su sani ba, a nan Legas ɗin nan turawan mishan uku na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka a 1893 da niyyar shiga arewa, biyu suka rasu a 1894, Rowland Bingham ne ya rage, daga aikin nan ECWA ta fito a 1954, hedikwatarta na Jos.

Kuskuren da na fi ji shi ne haɗa su duka a kwando ɗaya. ’Yan Fentikos, irin su Redeem, sun yarda da waɗancan abubuwan amma sun ƙara nauyi kan magana da harsuna da warkarwa, ECWA kuwa ta fi karkata ga koyarwa.

Zancen baftisma ko jibin Ubangiji kam, gara ka zauna da faston cocin, don kowace ɗarika da tsarinta.